Ina amsar tambayar da ta ɓoye a fom take zuwa?

Malama, kin ce kuna tattara bayanan mata a Dukku. Ma'aikaciyarku ta danna "eh" a tambayar juna biyu, ta rubuta wata 5, sai ta gane kuskure ne ta koma "a'a", gurbin watannin ya ɓace. Kina tambaya ko 5 ɗin nan zai iso rumbun bayananku.

Ya danganta da manhajar. In KoboCollect ko ODK Collect, manhajojin cike fom a waya, kuke amfani da shi, hankalinki ya kwanta: lambar tana nan a waya muddin ana cikewa, ko da za a sake komawa "eh", amma da an kammala fom an tura, ba ta tafiya.

Fom ɗin shafin intanet da wani ya haɗa muku da hannu kuwa, nan ne nake jin tsoro. A HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, gurbin da aka ɓoye wa ido kawai yana tafiya da abin da ke cikinsa, sai in an kashe shi gaba ɗaya. Haka za ki ga budurwa da cikin wata 5 a takardarku, kuma wannan magana ce ta mutuncin 'yar mutane, ba ƙaramin abu ba.

Kafin ku fita gobe, ki cike guda ɗaya da gangan, ki sauya amsar, ki tura, sannan ki buɗe Excel ki duba layin da idonki.