Waƙafi a jimlar Turanci: amsoshin tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Funtuwa, mai shirin zana jarrabawar WAEC, ya rubuto: "Malam, tun muna firamare aka ce mana duk inda ka ja numfashi ka sa waƙafi. Haka nake yi, amma malamin Turancinmu sai ya bi su da jan biro yana zagayewa. Ina gaskiyar take? Kuma daga ina kalmar waƙafi ta samo asali?"

Ɗana, kalmar daga Larabci muka aro ta, ma'anarta tsayawa, kuma ta hanyar karatun Alƙur'ani ta shigo bakinmu. Duk wanda ya buɗe mushafi ya ga 'yan haruffan nan da ake ɗorawa a saman layi: mim inda tsayawa ta wajaba, jim inda ta halatta, lam'alif inda aka hana. Ko a can ma ma'ana ce ke da iko da numfashi. Almajirin da ya karanta "La taƙrabus salata" a Suratun Nisa'i ya yi shiru, bai kai ga "wa antum sukara" ba, malaminsa zai sa shi ya koma baya, domin ya mayar da hani ga mai maye ya zama hani ga kowa.

To haka abin yake a rubutun Turanci na yau. Ginin jimla ne ke kiran waƙafi, kuma jan biron malaminka yana faɗawa ne a wuraren da Hausa da Turanci suka raba hanya. Bari mu gwada da karin magana biyu.

"Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo." Ɓangaren farko ba ya tsayuwa da ƙafarsa, shimfiɗa ce ga na biyu, shi ya sa aka raba su da waƙafi. A nan harsunan biyu sun yi daidai. Bature zai rubuta "If it rains, we will plant." In ya juya jimlar, shimfiɗar ta koma baya, sai waƙafin ya faɗi: "We will plant if it rains."

Yanzu dubi "Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho." Bahaushe yakan ɗan dakata bayan "ba", kuma marubutanmu da yawa suna sa waƙafi a wurin, ba wanda ke ganin laifinsu. Mun saba mu ajiye wanda ake magana a kansa a gaba, mu numfasa, sannan mu faɗi abin da ya same shi. Turanci bai yarda a raba mai aiki da aikinsa da waƙafi guda ba, kome tsawon jimlar. "The students who came late, were punished" kuskure ne, ko da numfashinka ya ƙare a kan "late". Cire waƙafin, jimlar ta gyaru.

Wuri na biyu ya fi wannan cin maki. Hausa tana da daɗin jera ayyuka: ya zo, ya gaishe mu, ya zauna, aka kawo masa ruwa. Kowane guntu cikakkiyar magana ce, mu kuma mu ɗaure su da waƙafi, labari ya yi ta gudu. In ɗalibi ya ɗauki wannan salo ya kai Turanci, sai ka ga "The rain stopped, we went to the farm." A wurin mai duba takarda, jimloli biyu ne cikakku aka manne da abin da ba zai iya riƙe su ba. Ko dai ka sa aya a tsakani, ko waƙafi mai ruwa (;), ko ka bar waƙafin ka ƙara masa mahaɗi: "The rain stopped, so we went to the farm." Kalmomin da ke wannan aiki su ne and, but, or, nor, so, yet da for. Ka lura "however" ba ta cikinsu, duk da ɗalibai suna ɗaukarta 'yar'uwar "but". In ta zo tsakanin jimloli biyu, aya ko waƙafi mai ruwa take so kafin ta, waƙafi kuma bayan ta: "He studied hard; however, he failed."

Ina ba malaman firamare shawara su daina koyar da maganar numfashin nan ita kaɗai. Tana da sauƙin kamawa, amma yaro yakan shekara goma yana biyan bashinta.

Wata ma'aikaciyar ofis daga Kaduna ta ce: "Malam, in ina lissafa abubuwa da Turanci, zan sa waƙafi kafin 'and' ta ƙarshe ko kuwa? Shugabannina biyu kowa da abin da yake so."

Malama, dukansu suna da madogara. Mu a Hausa ba mu da wannan rigima, domin "da" muke maimaitawa: gero da dawa da masara. Turanci kuwa waƙafi yake sawa a madadin "and", sai a ƙarshe ya kawo ta. Wasu su rubuta "millet, sorghum and maize", wasu "millet, sorghum, and maize". Wannan na ƙarshen ana kiransa waƙafin Oxford, saboda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta riƙe shi a matsayin ƙa'idarta. Yawancin jaridun Ingila ba sa sa shi, haka ma namu na Nijeriya, amma masu buga littattafai a Amurka sun fi son sa.

Kada a ɗauka wasa ne. A jihar Maine ta Amurka akwai dokar da ta lissafa ayyukan da ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansu, kuma jerin ya ƙare da "packing for shipment or distribution", babu waƙafi kafin "or". Direbobin kamfanin madara na Oakhurst Dairy suka kai ƙara. Suka ce yadda aka rubuta dokar, aiki guda ake nufi, wato ɗaure kaya domin a aika ko a rarraba, su kuwa rarrabawa suke yi, ba sa ɗaure komai, don haka suna bin bashi. Kamfanin ya ce ayyuka biyu ne, ɗaurewa daban, rarrabawa daban. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce lafazin yana ɗaukar fassara biyu, kuma in haka ta faru sai a bi wadda ta fi amfanar ma'aikaci. A 2018 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 5. Majalisar jihar ta sake rubuta wurin da waƙafi mai ruwa don kada a sake.

Ni dai ina sa shi, domin ya fi kare ni daga harshen damo. Ke kuma ki zaɓi guda, ki tsaya a kansa daga farkon takarda har ƙarshenta, kuma duk inda rashinsa zai rikita mai karatu ki sa shi, ko da ba al'adar ofishinku ba ce.

Wani malamin sakandare daga Gusau ya nemi misalin da zai nuna wa ɗalibai bambancin "who" mai waƙafi da marar waƙafi.

Malam, ka rubuta musu waɗannan biyu a allo: "My wife, who lives in Kano, is a nurse" da "My wife who lives in Kano is a nurse." Mai jimlar farko matarsa ɗaya, zamanta a Kano ƙarin bayani ne kawai, in an cire shi ba a rasa gane ta ba. Mai ta biyu yana da mata fiye da ɗaya, kuma yana ware ta Kano daga sauran. Yaranmu sun san gidan mace ɗaya sun san na mata biyu, nan take za su kama. Sai ka nuna musu cewa irin wannan ƙarin bayani waƙafi biyu yake ci, ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe, kuma na rufewar ne ake yawan mantawa. Haka yake ga laƙabi: "Abuja, the capital of Nigeria, is growing fast." Wanda ake kira da suna shi ma ware shi ake yi: "Thank you, Baba."

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ne a Maraɗi, wanda ke sayen kaya a Kano: "Malam, in an rubuto mini 2,500 nakan tsaya ina tunani. A makarantarmu ba haka aka koya mana ba."

Alhaji, gaskiyarka. Kai da Faransanci ka yi karatu, kuma a can waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da guntunta, 2,5 na nufin biyu da rabi, dubbai kuma da ɗan fili ake raba su, kamar 2 500. A Turanci waƙafi na dubbai ne, ɗigo na guntu: 2,500 dubu biyu da ɗari biyar ne, 2.5 biyu da rabi. In rasit ko takardar yarjejeniya za ta tsallaka iyaka, ka sa a rubuta kuɗin da lamba, a kuma rubuta shi da kalmomi a gefe, tare da faɗin naira ce ko sefa.