Likita na amsa tambayoyinku: "Mijina soja ne, danginsa sun kai shi gidan mari, kotun soja kuma na nemansa"

Yawancin saƙonnin wannan makon daga bariki suka fito, sauran kuma daga iyalan da ke jinyar mai larurar ƙwaƙwalwa. Bismillah.

Likita, maganin da aka ba ƙanena a asibitin ƙwaƙwalwa yana sa jikinsa sandarewa, miyau na dalala, hannunsa na karkarwa. Mu dakatar da shi? Daga wani ɗan'uwa a Gusau.

Kada ku dakatar da kanku. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine suna yin haka, kuma abu ne mai gyaruwa: ko a rage adadin, ko a canza wani, ko a haɗa masa da mai sassauta jiki. Ku mayar da shi wurin likitansa cikin makon nan. Idan kuma sandarewar ta zo da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, ko wuyansa ya murɗe, ku kai shi asibiti a ranar.

Ni soja ne. Mukan sha tiramol kafin fita sintiri don ƙarfin zuciya da kashe gajiya. Akwai illa? Daga wani kurtu.

Akwai, kuma babba. Tiramol yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba, yana danne numfashi, yana kama jiki har mutum ya kasa tashi sai da shi. Mai riƙe da bindiga shi ya fi kowa buƙatar hankalinsa a cike. In ka riga ka saba, kada ka yanke lokaci guda, ka je asibitin barikinku a tsara maka yadda za ka rage.

Assalamu alaikum Likita. Maigidana kofur ne, ya daɗe a bakin daga a jihar Borno. Tun da ya dawo ba ya barci, yana zabura cikin dare da ihu yana kiran sunayen abokansa da suka rasu. Ko murfin tukunya ya faɗi sai ka ga ya kwanta ƙasa. Ya zo gida da fas, wato izinin hutu, da lokacin komawa ya yi sai ya kasa ko fita daga ɗaki. Yayyensa suka ce aljanun daji ne suka biyo shi, suka kai shi ƙauye wajen wani malami, an sa masa mari a ƙafa. Wata biyu ke nan. Yanzu an ce min ana nemansa za a kai shi kotun soja. Ina tsoron in na kai shi asibiti a kama shi, ko a kore shi a ce mahaukaci ne. Yaya zan yi? Daga matar soja, Kaduna.

Wa alaikumus salam baiwar Allah. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki juriya. Tambayarki ita ta fi tsaya min a rai, don haka zan ja ta da tsawo.

Ban ga maigidanki ba, sai an duba shi za a tabbatar. Amma abin da kika zayyana ya yi kama sosai da ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda a takardun asibiti za ki ga an rubuta PTSD. Mutumin da ya yi watanni yana kwana da shirin mutuwa, ƙwaƙwalwarsa takan saba da zama cikin shirin ko-ta-kwana. Ga wasu, bayan an dawo gida sai ta ƙi sauka daga wannan hali. Ƙarar murfin tukunya sai jiki ya karɓe ta tamkar harbi tun kafin tunani ya tantance. Mafarkin yana maimaita abin da ya gani. Ƙin fita daga ɗakin kuma gudun duk abin da zai tuna masa ne, shi ya sa ranar komawa aiki ta fi masa kowace rana nauyi. Wannan ba ragwanci ba ne. Yana kama jarumai, yana kama matan da 'yan bindiga suka sace, yana kama direban da ya tsira daga mummunan haɗari. Likita zai kuma bincika ko ya taɓa buguwa a kai ko bam ya tashi kusa da shi, ko ciwon damuwa ya haɗu da abin, ko yana shan wani abu don ya samu barci, domin waɗannan sukan zo tare.

Maganar mari kuwa, wallahi tana ƙona min rai. Mutumin da asalin ciwonsa tsoro ne da jin an rutsa shi babu hanyar tsira, shi za a ɗaure da ƙarfe a ɗaki mai duhu? Me ake tsammani in ba ƙaruwar ciwon ba? Mu a asibiti mun san yadda ƙafar wanda ya fito daga mari take: gyambo a idon sawu, ruɓa, kumburi, gaɓoɓi sun ƙage, wani lokacin jini ya daskare a jijiyar ƙafa, wanda in ya ɓalle ya tafi huhu kisa yake yi farat ɗaya. Ga yunwa, ga bulala da sunan dukan aljani alhali fatar ɗan Adam ce ke tsagewa, ga hayaƙin da ake turara wa mutum a rufaffen ɗaki har ya shiɗe. Idan ya yi shiru bayan haka sai a ce ya samu sauƙi. Galabaita ya yi. Mutanen Kaduna ba su manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a watan Janairun 2023, ta hana ɗaure mai wannan larura da sarƙa.

Ba na hana addu'a, ni ma ina yi. A yi masa ruƙiyya, a karanta masa Alƙur'ani, ya riƙe azkar ɗinsa. Duk wannan ana iya yi yana kan gadon asibiti ko yana ɗakinsa a gida. Abin da nake cewa a daina shi ne ɗauri da duka da horon yunwa da hayaƙi.

Sai batun kotu. Ni likita ne, dole ki nemi lauya, amma ga ɓangaren da ya shafi aikinmu. Shari'ar soja a Nijeriya ta tarayya ce, Dokar Rundunonin Soja ce ke tafiyar da ita, babu jihar da ke da tata. Saboda haka zirga-zirga gidan ɗan majalisar jiha ko hakimi ba za ta tsayar da ita ba. Dokar ta bambanta wanda bai zo aiki ba babu izini da wanda ya tsere da niyyar barin aiki, kuma na biyun ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Duk kwanan da maigidanki ya ƙara a ƙauye babu wanda ya san inda yake, yana ƙara sa lamarinsa ya yi kama da na biyun. Ɓoyon da ake yi don a kare shi, shi ne ke ƙara tura shi cikin matsala.

Idan maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ta taso a gaban kotu, abin da ake tambayar likita shi ne: yanzu yana da hankalin da zai fahimci tuhumar ya kare kansa? Sannan a lokacin da abin ya faru, wane hali yake ciki? Ko da an same shi da laifi, rahoton likita yana cikin abin da lauya zai gabatar wajen neman sassauci. To da me za mu amsa in babu kati, babu fayil, babu ranar da aka fara ganinsa? Shaidar cewa yana wajen malam ba za ta tsaya a matsayin rahoton asibiti ba. Takardar da aka buɗe yau ta fi wadda za a buɗe bayan an kama shi ƙarfi, domin wadda aka buɗe bayan kamu za a iya cewa dabarar kuɓuta ce.

Yana da haƙƙin samun mai kare shi, har da lauyan farar hula da ya zaɓa. Hukuncin kotun soja sai hukumar da ke sama ta tabbatar da shi, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli. Sojojin da aka yanke wa hukuncin kisa a 2014 kan tuhumar bore, a ƙarshen 2015 rundunar ta mayar da hukuncinsu ɗaurin shekara 10. Na kawo wannan ne don ki san ƙofa ba ta rufewa daga zama ɗaya. Ba zan yi miki alƙawarin ba za a hukunta shi ba, wannan ba a hannuna yake ba.

Tsoron kora kuma, kwamitin likitocin soja ne ke duba ko mutum zai iya ci gaba da aiki. Wani a yi masa magani ya koma, wani a sauya masa wurin aiki, wani a sallame shi bisa rashin lafiya. Wanda aka sallama don rashin lafiya da wanda aka kora kan laifi ba matsayinsu ɗaya ba wajen haƙƙoƙi.

Na san ke mace ce a tsakanin yayyen miji, maganarki ita kaɗai ba lallai ta yi tasiri ba. Ki nemi wanda babban yayan yake jin nauyinsa, kawunsu ko limamin unguwa ko limamin bariki, ki nuna masa wannan amsar. A cire shi daga marin nan, a wuce da shi kai tsaye asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko asibitin sojoji na 44, duka suna nan Kaduna. A duba ƙafarsa a ranar. Ki adana kwafin kowace takarda. Daga nan, da shawarar lauya, a sanar da rundunarsa a rubuce inda yake da halin da yake ciki.

Ciwon yana jin magani. Akwai zaman tattaunawa da ƙwararre wanda ke bi da mutum sannu a hankali har tunawa da abin ya daina girgiza shi, akwai ƙwayoyi irin su sertraline da kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Kada a saya masa diazepam a kemis don barci, ba ya warkar da wannan ciwo, sabo kawai zai ƙara masa. A nisantar da makami daga inda yake. Idan ya fara cewa gara ya mutu, ko ya kai miki hannu ko yara, ki fitar da kanki da su, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Ana tuhumata a kotun soja. Wani ya ce in yi kamar na taɓu za a sake ni. Daga wani saje.

Kada ka yi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kwantar da mutum su lura da shi dare da rana, kwaikwayo ba ya jure hakan, kuma ƙaryar ciwo ita kanta laifi ce a dokar soja. Wanda ma kotu ta yarda ba ya cikin hayyacinsa ba gida ake cewa ya tafi ba, tsare shi ake yi don magani. Irin wannan dabara ita ke sa a ƙi yarda da masu ciwon gaskiya.

Yayana yana surutai shi kaɗai, ya daina wanka, ya ce ana bin sa za a kashe shi, amma ya ƙi zuwa asibiti. Doka ta yarda mu kai shi dole? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

A da, dokar 1958 da aka gada daga zamanin Turawa ta fi mayar da hankali kan tsare mutum. Sabuwar dokar ta sa yardar mara lafiya a gaba, amma ta bar hanyar kwantar da shi ba da son ransa ba idan ciwon ya yi tsanani har ana tsoron ya cutar da kansa ko wani. Likitoci ne ke duba shi su yanke wannan, kuma da wa'adi, dangi ba su da ikon kulle shi a ɗaki su ce sun yi magani. Yadda ake aiwatarwa yakan bambanta daga jiha zuwa jiha, Legas ma tana da tata dokar. Ki fara zuwa asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano ke kaɗai, ki yi musu bayani, za su faɗa miki yadda za a kawo shi. Kada ku yi masa gardama kan abin da yake ji, kada a taru a kansa da sanduna. Idan ruɗewar kwana biyu ce kawai kuma da zazzaɓi, wannan na iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, sai a garzaya sashen gaggawa.

'Yata ta sha maganin ɓera, mun ba ta manja da madara ta yi amai. Muna tsoron asibiti kada a haɗa mu da 'yan sanda. Daga wani uba.

Malam, ka ajiye wayar nan ka kai ta asibiti yanzu, da kwalin abin da ta sha. Manja da madara ba sa karya guba, aman dole kuma yana iya tura ta cikin huhu. Wasu magungunan ɓera sai bayan kwanaki suke fara sa zubar jini, don haka ganinta garau yau ba shaida ba ce. Gaskiya ne sashe na 231 na Final Kod, dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, ya rubuta yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, kuma mu likitoci mun daɗe muna neman a soke shi kamar yadda Ghana ta yi a 2023, domin yana hana mutane neman taimako. Amma aikinmu a asibiti ceton ranta ne. Bayan ta farfaɗo likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta kafin a sallame ta. Kada a yi mata gori ko duka, kada a bar ta ita kaɗai a makonnin farko, a kwashe duk wata guba da tarin magunguna daga gidan.

Ina shan maganin ƙwaƙwalwa shekara biyu, na warke sarai. Zan iya bari kafin aurena don kada amarya ta gani? Daga wani ango mai jiran gado.

A'a. Barin magani kwatsam, ga hidimar biki da rashin barci, shi ne ya fi dawo da ciwon. Ka je wurin likitanka ku tattauna ko lokacin ragewa ya yi, kuma ka tafi da ita ta ji bayani daga bakinsa. Allah ya sanya alheri.