Batirin hedifon ya kumbura, an ce in huda shi da allura

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni tela ne a Yelwa, nan Garwa. Hedifon ɗina na Bluetooth, irin mai ninkewa, kunnen hagu yana ɗaukewa sai na ɗan murɗa shi. Yanzu kuma murfin gefen da batir yake ya ɗago, yana ɗumi idan ina caji. Wani mai gyara ya ce a huda batirin da allura iska ta fita, a ɗosana masa wayar caja kai tsaye ya farfaɗo. Hankalina bai kwanta ba, don abu ne da ke wuni a kunnena.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam tela. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Ka zare shi daga caji tun yanzu, kada ya sake hawa kanka sai an canza batirin.

Maganar kunnen hagu mai sauƙi ce. Waya ce ta karye a gaɓar da ake ninkewa. A fara cire wayoyin batir, ɗaya bayan ɗaya, ana rufe bakin kowace da tef. Sai a ɗora mita, na'urar auna lantarki, a bakin sifikar: idan ta nuna kusan om 32, lafiyarta ƙalau. Kada a yi haɗi a cikin gaɓar, can zai sake tsinkewa. A zare wayar gaba ɗaya a zura sabuwa, a bar mata sararin kamar santimita 1, a sa mata robar nan mai tsukewa da zafi a inda take goga, a ƙulle ta daga ciki don in an ja, ƙullin ya ɗauki nauyin. Silin wayar fenti ne a jikinsu, kada a kankare da reza. A tsoma bakinsu a cikin narkakkiyar dalma, zafin ƙarfen dalmar yana kusan digiri 380, sakan uku ko huɗu. A jikin sifika kuwa sakan biyu ya isa. Banda sufa gulu, yana sandarar da waya ta karye daidai inda ya ƙare.

To, allura. Wannan ɗanyen aiki ne, kuma mai yin sa cewa yake "ai na sha yi, ba abin da ya faru". Abin da ke cikin batirin da ya kumbura ba iskar taya ba ce. Ruwan sinadarin ciki ne ya lalace ya zama gas mai kama wuta. Kumburin shaida ce kawai, cutar tana ciki, fitar da gas ɗin ba ya warkar da komai. Cikin jakar batirin falle-falle ne na ƙarfe, abin da ya raba su wata 'yar leda ce da ba ta kai kaurin gashi ba. Allura ta ratsa ta haɗa su, cikin ƙiftawar ido sai hayaƙi da wuta. In ma an tsira a ranar, ramin yana shigar da danshi, kuma gishirin litiyam ɗin ciki idan ya haɗu da ruwa asid yake fitarwa mai cin fata. Amma duk da haka sai ka ga an manna tef a kai, an mayar da murfi, an miƙa wa mutum ya ɗora a kunnensa!

Ɗosana caja kuma ta fi muni. Batirin nan na bolt 3.7 ne, iyakarsa 4.2. Caja 5 take bayarwa, kuma masu wannan aikin sukan tsallake ɗan allon kariya da ke ƙarƙashin tef mai ruwan ɗorawa, wanda aikinsa ke nan ya yanke wuta idan ta yi yawa. Batirin da ya faɗi ƙasa da 2.5 ya daɗe a haka, ko bai kumbura ba, rabuwa da shi ya fi. Balle wanda ya riga ya ɗaga murfi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, irin wannan batir kuwa ba a cajinsa sama da 45. Shago mai rufin kwano, ga dutsen guga a gefe, ga yadi jibge, ka ga ba sai an yi dogon lissafi ba. Ban san dalilin da mutum zai karɓi kuɗin ɗan'uwansa ya mayar masa da garwashi a cikin roba ba, ya kuma kira shi gyara. Amana aka ba shi.

Ka duba lambar da ke jikin tsohon batirin. Idan ka ga kamar 502535, kauri milimita 5 ke nan, faɗi 25, tsawo 35. Sabon ya zama daidai da haka, da allon kariyarsa, kada a cusa babba don caji ya daɗe, domin yana buƙatar ɗan sarari. Idan wayoyinsa uku ne, ta ukun ta auna zafi ce, a nemo mai uku. Ba a kai ƙarfen dalma jikin batir, sai bakin waya. Tsohon kuma kada a ɓamɓaro shi da sukuddireba, a ɗaga shi a hankali da kati na roba, a sa shi a gwangwani mai yashi a waje, nesa da yara da ƙyallayen ɗinkinka.