Kafin ka rufe abin da ba kai ka buɗe ba

Yarona, na karanta saƙonka. Ka ce Eclipse, manhajar da kake rubuta lambar Java a cikinta, ya cika maka allo da layi mai ruwan ɗorawa, yana cewa ka bar mahaɗar rumbun bayanai a buɗe, alhali hanyar da ka kira ta ɗakin karatun abokan aikinmu ce, wato tarin lambar da suka rubuta don wasu su yi amfani da shi, kuma a kwamfutarsu babu wannan gargaɗin. Sai ka tambaya ko ka saka close, umarnin rufewa, a ƙarshe kawai a huta.

Kada ka saka. Bari in faɗa maka dalili.

Tun Java 7, a 2011, duk abin da ya gaji AutoCloseable ana ɗaukarsa kaya ne mai buƙatar rufewa: fayil, soket, mahaɗar rumbu. Mai binciken lambar ba ya gudanar da manhajarka, zato yake yi. Ya ga an miƙo maka irin wannan kaya, bai ga ka rufe ba, sai ya ɗaga murya. Amma ba duk abin da aka miƙo maka ne naka ba. Wani aro ne. Famfon gidan haya, idan ka gama ɗiban ruwa, ba ka zuwa ka ɗaure babban bututun da ke ba kowa.

Don haka aka ƙirƙiro alamomin nan masu farawa da @, su faɗi mai kayan. Eclipse ya kawo @Owning da @NotOwning a fitowarsa ta Maris 2024, cikin org.eclipse.jdt.annotation. Checker Framework, wani kayan binciken lambar Java, shi ma yana da masu irin wannan suna, kuma kafin su akwai @WillClose da @WillNotClose na JSR-305, wani tsohon tarin alamomi. Abokan aikinmu sun rubuta @NotOwning a kan hanyar da ka kira. Ma'anarta, wannan aro ne, mu za mu rufe.

To ga inda gizo ke saƙar. Sunan alamar kaɗai ke shiga cikin fayil ɗin class, wato lambar da aka riga aka harhaɗa, ita kanta tana zaune a wani jar dabam, wato ƙunshin fayilolin Java. Masu ɗakunan karatu kuma sun saba sa wannan jar a matsayin provided ko optional a Maven, ko compileOnly a Gradle (Maven da Gradle kayan gina manhaja ne), don kada su ɗora wa mutane nauyi. Irin waɗannan ba sa bin ɗakin karatu zuwa aikinka. Java kuwa ba ta fasa aiki don alama ta ɓace: manhaja tana tashi lafiya, javac, mai harhaɗa lambar, ma iyakarsa ya ɗan yi guna-guni. Ka taɓa ganin saƙon nan mai ambaton When.MAYBE? Jar ɗin jsr305 ne babu. Ciwo ɗaya ne. Mai bincike ya ga suna, ya nemi mai sunan bai same shi ba, sai ya koma zatonsa na farko, wai kayanka ne.

Ni ma na taɓa ƙonewa a nan. Na bi gargaɗi na nannaɗe mahaɗar cikin try mai rufe kansa, layin ya ɓace, na yi murna. Washegari buƙatar farko ta wuce, ta biyu ta faɗi da kukan cewa mahaɗa a rufe take. Yini guda na yi ina neman ɓarawo, ashe yana cikin rigata.

Abin da za ka yi kaɗan ne. Buga mvn dependency:tree ka duba ko jar ɗin alamomin yana ciki. In babu, buɗe pom ɗin ɗakin karatun, wato fayil ɗin saitinsa na Maven, ka ga wanne suka yi amfani da shi da lambar sigarsa, ka saka daidai shi a naka, a matsayin provided. Ka tabbata an kunna binciken da ke duba waɗannan alamomi a saitin gargaɗi na aikin, sannan ka sabunta aikin Maven ka sake gini daga tushe.

Na san yatsanka na ƙaiƙayin @SuppressWarnings, alamar da ke kashe gargaɗi, a kan ajin gaba ɗaya. Bar shi. Ranar da ka manta da rufe FileInputStream na gaske, wato fayil ɗin da kai ka buɗe, babu mai tsawata maka, sai sabar ta kai iyakarta, wadda a Linux da yawa fayil 1024 ne, ta fara ƙin buɗe komai cikin dare.

Bayan ka saka jar ɗin, duk gargaɗin da ya rage ka turo min, mu bi su ɗaya bayan ɗaya gobe bayan Azahar. Ina zargin biyu daga cikin waɗanda ka nuna min na gaske ne.