Amsa: yadda ake bambance rukunan masu buƙata ta musamman a aji

Ƙanwata, kin ce a koyarwar gwaji kin kasa bambance mai matsalar ji, mai jinkirin fahimta da mai matsalar karatu, tunda duk an bar su a baya a darasi. Haddar rukunan daga littafi ba za ta fisshe ki ba. Abin dubawa shi ne ta ina darasin yake maƙalewa.

Ki fara da kunne da ido, domin nan aka fi zaluntar yara. Ki tsaya bayan yaro inda ba ya ganin bakinki, ki ce masa da muryar da kika saba: ɗauko alli. In bai motsa ba, amma da kin nuna da hannu ya yi, kunne ne. Irinsa yakan ƙura wa leɓenki ido, yana haɗiye sautin s da sh. Ki tambayi iyaye ko ya taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, ko kunne mai zubar da mugunya. Sanƙarau kam ya kurmantar da yara da yawa a ƙasar nan. Na ido kuwa, allon gwaji mai harafin E a nisan mita 6. Wanda ya kasa ganin layin da aka yi wa lambar 6/18 a allon, a kai shi asibitin ido, kafin nan ya dawo bencin gaba.

Sauran biyun ne masu wuyar sha'ani. Mai matsalar karatu kaifi gare shi: ki karanta masa labari, zai mayar miki da shi tiryan-tiryan, amma ki miƙa masa takardar, sai ya tsaya cak. Mai jinkirin fahimta nasa ya wuce aji, har gida ake gani: lissafin canji in an aike shi kanti, sa maɓalli, riƙe saƙo biyu a jere. Shi ake gutsura wa aiki mataki-mataki, da abin da zai taɓa da hannu, a yi ta maimaitawa. Kuma don Allah kada ki yanke hukunci saboda ɗan shekara 6 ya juya b da d, da yawa daga cikinsu suna yi.

Mai shan inna ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, hanyar shiga aji da wurin zama yake nema.

Ke dai rubuta abin da kika gani da kwanan wata, ki miƙa wa shugaban makaranta. Sa wa matsala suna aikin likita ne da ƙwararru. In kin samu hali, ki nemi izinin zama a aji ɗaya na makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki da ke Kano, ki ga yadda ake koyarwa da maganar hannu da rubutun makafi mai ɗigo 6.