Me ya hana a jawo ruwan kogin Isa zuwa Damagaram?

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Garin Malam: "Duk bazara a bakin famfo muke kwana da jarkoki. Libiya ta yi kogi a tsakiyar hamada. Mu me ya hana a haƙa mana hanyar ruwa daga kogin Isa?"

Malam, kafin a zo maganar kuɗi, tudu ne ya hana. Kogin Isa a Yamai yana wajen mita 180 sama da teku, Damagaram kuwa ta haura mita 450. Ko an haƙa hanyar, ruwan ba zai taho ba, sai an turo shi da inji ya hau kimanin mita 280, a tafiyar da ta kusa kilomita 900. Tafkin Cadi ma yana ƙasa da mu.

Duk tsofaffin ayyukan da ake yabo, gangara suka bi. Rumawa sun kai ruwa birnin Nim na Faransa tun ƙarni na farko, nisan kilomita 50, amma saukar hanyar duka mita 12.6 ce kawai, wato kamar taƙi guda a kowace kilomita. Gwanintarsu a awo take: in gangarar ta yi yawa ruwa ya cinye ginin, in ta yi kaɗan laka ta kwanta ta toshe shi.

Na Libiya ma sunan kogi kawai ya ci. Bututun kankare ne mai faɗin mita 4 da aka binne. An fara aikin a 1984, ruwa ya isa Bangazi a 1991, kuma rijiyoyin Sarir da Tazarbo da ke cikin hamada, inda ake ɗebo ruwan, sun fi bakin teku tudu, don haka kashin farko da kansa yake gangarawa. Duk da haka sun sha wuya: wayar ƙarfen da aka naɗe bututun da ita ta yi tsatsa a ƙasa mai gishiri, wasu suka fashe.

Buɗaɗɗiyar hanya a ƙasarmu asara ce. Rana na shanye fiye da mita 2 na ruwan da ke fili a shekara, abin da yashi ke tsotsewa ta ƙasa kuwa ya fi haka in ba a dabe cikin da kankare ba. Hanyar ruwa ta Karakum a ƙasar Turkumenistan, da Sobiyet suka fara a 1954, mai tsawon sama da kilomita 1,300, ba a dabe ta ba. Ruwa mai yawa ya tsiyaye, gishiri ya taso a gonakin gefenta, tekun Aral, wanda aka karkatar da ruwan kogin da ke shiga cikinsa, ya ƙara janyewa. Mu sai a ƙara da rairayin da hunturu ke kwasowa, da tsargiya.

Saura bututu, to ga lissafi. A ce mutum 500,000, kowa lita 50 a rana: lita miliyan 25 ke nan. Abin da mutane ke mantawa shi ne gogayyar ruwa da jikin bututu tana cin ƙarfi. In ta ci mita 1 kacal a kowace kilomita, an ƙara mita 900 a kan 280 na tudun, gogayyar ta ninka tudun sau uku. Ɗaga lita 1,000 mita 100 yana cin wutar kilowat 0.27 na awa guda a takarda, a aikace wajen 0.4. Jimilla ana neman megawat 5 ba ɗaukewa dare da rana, da tashoshin turawa a jere cikin daji. Tasha ɗaya ta tsaya, duk layin ya tsaya.

Ɗaukewar wutar kanta tana fasa bututu. Injin ya mutu farat ɗaya, ruwan da ke gudu ya dawo da baya ya daki bango kamar guduma. Shi ya sa ake kafa tankin iska kusa da inji don ya shanye dukan, da mashaƙar iska a kan kowane tudu, da mafitar wanke laka a kowane kwari.

Asalin matsalar garin nan dutse ne. Damagaram a kan fa take zaune, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka mayar Yamai a 1926. Don haka ake jawo shi daga Gogo da Macaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa. Waɗannan ma aikin jawo ruwa ne irin wanda ka tambaya, sai dai nisansu gomomin kilomita ne. A ganinmu kuɗin sun fi amfani a nan: ƙarin rijiyoyin burtsatse, wutar da ba ta yankewa a tashoshin, manyan tankuna a kan tudu, da sauya tsofaffin bututun cikin gari da ke yoyo tun ruwan bai kai famfon unguwarku ba.