Amsa: Gwada shafin intanet a takarda kafin a gina shi

Malam, ka tambaya ko zane a takarda zai nuna maka matsalar shafin sayar da takalman fata tun kafin ka biya mai ginawa. Zai nuna, sosai ma.

Zana kowane shafi a takarda daban, daidai girman fuskar waya, tunda ta waya masu saye za su shigo. Sai ka ba mutum aiki: "Nemo takalmi lamba 42, ka biya." Shi yana taɓawa da yatsa, kai ne kwamfutar, kana sauya masa takarda. Wahalar ɗaya ce, kama baki. In ya tsaya yana 'yan dube-dube kada ka taimaka, rubuta inda ya maƙale. Gyaran ma fensir ne da kilina, nan take.

Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafukan intanet, ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum 5 kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin. Amma ban da abokanka 'yan kwamfuta na jami'ar Ɗanfodiyo, sun san hanya. Shiga Babbar Kasuwar Sakkwato ka samo masu saye na gaske.

Saurin buɗewar shafi idan sabis ya yi rauni kam, wannan sai an gina.